Muryar da Ke Cikin Faifan Blechmagen

Wuppertal, farkon Nuwamba

Zuwa ga Traudl,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Sönke da iyalinsa. Ina fata gwiwar nan taki ba ta tayar miki da tsiya ba da shigowar sanyi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya fara rawa ba da izinina ba. Da na kira ki a waya, to amma kin san na'urar kunnen nan tawa, da na kanga waya sai ta hau fito kamar butar shayi.

Wata magana ce ta hana ni sakat, kuma duk duniya ke kaɗai zan iya tambaya.

Kin tuna faifan garmahon da kika aiko mini daga shagonki na Hamburg a 1981? Na yaran nan Blechmagen, mai kwali ruwan toka, babu hoton kowa, babu sunan kowa, sai hoton wata ƙofa a rufe. Lokacin ne yara suka gaji da kwaikwayon Turanci, suka koma yin ihu da harshenmu na Jamusanci, da jita biyu da gangar aro. Kika haɗo da kati, kika ce in saurara in daina bautar matattun mawaƙa. Na so in yi sharhinsa a jaridar da nake aiki, editan ya ce shi ba ya buga sharhin hatsarin mota.

To, wani ƙaramin kamfani ya sake fitar da shi. Akwai wani saurayi, Malte, editan wata mujallar kiɗa, ya taɓa jin na ce babu faifan da nake so kamarsa. Shi ne ya rubuto yana roƙon in yi musu sharhi, wai ni ne ragowar masu rubutun wancan zamani. Rabon da wani ya nemi alƙalamina har na manta. Ya aiko da shi a ƙaramin faifan zamani, wato sidi, cikin farar ambulan, don ba a gama buga kwalin ba.

Na dafa kofi, na sa rigar kirki kamar mai jiran baƙo, na zauna, na kunna. Traudl, ba shi ba ne.

Kalmomin dai su ne. Waƙar farko, wadda ake jero dokokin gidan haya: an hana dariya bayan ƙarfe goma, an hana shanya ranar Lahadi, an hana kare, an hana yara, an hana mutuwa a kan matakala. Na haddace su kamar addu'ar kwanciya. Amma wanda na sani yana faɗarsu namiji ne, mai murya kamar daga ƙasan rijiya, yana jan kowace kalma a hankali. A wannan kuwa wata yarinya ce ke tsala ihu, da sauri kamar an biyo ta. Na kashe. Na canja batirin na'urar kunne, na sake kunnawa. Yarinyar ce dai.

Za ki ce in ɗauko tsohon nawa in gwada. Ba ya nan. Tun da na faɗi a banɗaki da rani, Imke, 'yar ƙanwata, ta kwashe akwatunan faya-fayaina ta kai garejinta, wai kada in yi tuntuɓe da su. Garmahon kawai ta bari don ya yi mata nauyi. In na ce ta kawo mini, za ta tambayi dalili, kuma Imke kwanakin nan tana kallona ne kamar mai duba ƙwai a hasken fitila. Malte ma ba zan tambaye shi ba. Yaya mai sharhi zai ce a gaya masa wa ke waƙa a faifan da ya ce ya fi so?

Don Allah ki ba ni amsa ɗaya, kada ki yi mini dariya: mai waƙar nan namiji ne ko mace? Kuma kada Sönke ya ga takardar nan.

Ki huta lafiya.
Naki, Ortwin

*

Bremerhaven, Nuwamba

Kai Farfesa,

Na gaishe ka. Gwiwa tana nan tana aikinta, ni ma ina nawa. Sönke bai ga komai ba, shi in ba a allo aka rubuta abu ba, ba ya karantawa.

Ka ce kada in yi dariya, to na yi, har jikata ta leƙo ta ga ko na shaƙe ne. Mace ce mana! Tun ran gini tun ran zane mace ce. Sunanta Dörte, 'yar guntuwa, ta aske rabin kanta, da rana tana sayar da safa a kanti. Sau nawa ta zauna a kan kantar shagona tana cinye mini burodi? Da idona na ga ta yi waƙar dokokin nan a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin ruwa, ana tsalle ana karo da juna har wani ya bar haƙorinsa a can. Babu wani namiji da ya taɓa buɗe baki a ƙungiyar nan. Uku ne maza, kuma duk cikinsu ba wanda zai iya riƙe murya ko da da bokiti.

Muryar rijiya kuma? Ortwin, kai fa dama tun da can ka fi jin abin da ke cikin kanka a kan abin da ke cikin faifai, shi ya sa ake biyanka. Wataƙila ka haɗa shi da wani ne. A shekarun nan kowane yaro mai baƙar riga yana gurnani a makirfo.

Na dai tuna ka rubuto mini a lokacin ka ce faifan ya sa ka hawaye. Na ce lallai mutanen Wuppertal sai a hankali, ruwan sama ya jiƙa musu ƙwaƙwalwa.

Ka rubuta sharhinka, ka ce yarinyar ta fi duk mazan zamaninta, don gaskiya ce. Ta rasu tuni, ba za ta karanta ba, amma ni zan karanta. Ka riƙa cin abinci mai zafi, ba burodi da cuku kullum ba.

Taka,
Traudl

*

Solingen, Nuwamba

Kawu Ortwin,

Ina gaishe ka da fatan ka tashi lafiya. Na rubuto ne don na san waya tana ba ka wahala, kuma ina so ka karanta a natse.

Na samo mana ganin likitan ƙwaƙwalwa ranar Juma'ar ƙarshen wata. Ba wani abin tsoro ba ne, tambayoyi ne kawai. Kawu, ba na so ka ji haushi, amma ranar da na zo na tarar da tabaranka a firji, kuma maƙwabciyarka ta ce sau biyu tana jin ƙaurin tukunya daga wajenka. Ta kuma ce kwanan nan kana ta kunna waƙa ɗaya kana kashewa, kana kunnawa kana kashewa, har tana jin kana magana kai kaɗai.

Gidan kula da tsofaffin nan da muka taɓa zuwa gani sun kira ni. Ɗaki ya samu, mai taga ta wajen lambu. Ba za su riƙe mana shi ya wuce ƙarshen wata ba. Zan zo da takardun ranar Juma'ar, mu duba tare bayan mun dawo daga wurin likita. Ba zan tilasta maka ba, amma ba na iya barci saboda tunanin benen nan da murhun nan.

Ka kula da kanka.
'Yarka, Imke

*

Wuppertal, tsakiyar Nuwamba

Traudl,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, ta Imke ta biyo bayanta. Na ajiye su gefe da gefe a kan tebur, na ga ashe magana ɗaya suke yi.

Na san da wasa kika faɗa. Amma bari in gaya miki abin da kika ɗauke mini, ba don in ɗora miki laifi ba.

Ban haɗa shi da wani faifai ba. Roswitha, matata, ba ta son irin kiɗan nan ko kaɗan, tana ce masa faɗan tukwane. Wannan kaɗai ta yarda da shi. Ranar Asabar da yamma takan yi guga a kicin, ni kuma in sa shi a falo in bar ƙofa a buɗe. In aka zo waƙa ta uku, wadda mutumin ke cewa jirgin ƙarshe ya wuce kuma ba wanda ya sauka, sai ta jingine dutsen guga, ta miƙo mini hannu. Mu yi rawa a hankali tsakanin tebur da murhu, kanta a kafaɗata, rigarta tana ƙamshin sitati. Takan ce muryar mutumin nan irin ta babanta ce bayan ya dawo daga yaƙi, lokacin da ya daina magana sai dai ya ba da umarni. Da kunnena na ji ta faɗa. Ko kuwa ban ji ba?

Kin ga inda abin yake. Jiya na sa waƙa ta uku a sidin, na tashi na riƙe bayan kujera, na gwada taka rawar. Ba ta takuwa. Ba mahalukin da zai rungumi matarsa a kan wannan gudun, sai dai su faɗa kan murhu. Faifan gaba ɗaya ya ƙare kafin kofina ya huce. In muryar ƙarya ce, to rawar ma ƙarya ce. In rawar ƙarya ce, me kuma na ƙirƙira? Shekara tara ke nan da rasuwarta, abin da ya rage mini nata duk a cikin kan nan yake, ga shi an ce mini ma'ajin yana yoyo.

Tabarau a firji ban damu da shi ba, kowa yana yi. Abin da ke firgita ni shi ne yadda na tabbata. Wanda ya manta abu ya san akwai rami a wurin. Ni babu rami, akwai mutum tsaye, da muryarsa, da numfashin da yake ja kafin ya ce an hana mutuwa a kan matakala. Yayana Gernot haka ya fara. Ya rantse mana akwai kare a gidanmu muna yara, har sunansa ya faɗa. Bayan shekara biyu bai san ni ba.

Yanzu in jirgin garinmu, mai tafiya a rataye jikin dogo, ya wuce ta kan kogi, taga ta yi ƙara, sai in tsaya in tambayi kaina ko ya wuce ɗin da gaske. Na fara taɓa abubuwa kafin in yarda suna nan.

Na gwada yin sharhin. Na rubuta cewa an wanke sautin tas, gangar tana faɗowa kamar an watso cokula daga bene, jitar kamar zarto a kan kwano, yarinyar kuma tana jero dokokin tana yi musu gwalo. Duk gaskiya ne, kuma yana da kyau, na san yana da kyau. Amma kamar in rubuta ta'aziyyar wanda ban taɓa gani ba ne. Na yaga. Zan gaya wa Malte ba ni da lafiya.

Ina jin zan sa wa Imke hannu ranar Juma'ar. Gara in tafi da ƙafata tun ina gane hanya, da a zo a fitar da ni ina kiran sunan karen da ba a taɓa yi ba. Masu gidan tsofaffin sun ce ana barin mutum ya tafi da kujera ɗaya da hotuna.

Kada ki damu da ba ni amsa da sauri. Ki gaida yara.

Ortwin

*

Bremerhaven, ranar da takardarka ta iso

Ortwin, tsohon banza, kada ka sa hannu a komai!

Gaisuwa daga baya. Na karanta takardarka a tsaye, na zauna, na sake karantawa, na ji kunyar dariyar da na yi. Sai na tsaya a kan rawar nan. Na san Roswitha. Matar da ko a bikin aurenta sai da aka ja ta fili, ba za ta yi rawa a mafarkin kowa ba sai in ta yi ta da gaske. To yaya aka yi mutum biyu masu hankali suka yi rawar masoya da waƙar Dörte?

Ina cikin wanke kofi abin ya faɗo mini, har na fasa kofin.

A wane gudu kake sa shi?

Ka tuna faifan babba ne, faɗin faranti, irin waɗanda kowa ya san a gudun 33 ake juya su, wato zagaye 33 a minti ɗaya. To ba don 33 aka yi shi ba, don 45 ne, gudun ƙananan faya-fayai, wanda ya fi sauri. Yaran nan sun ƙi rubuta komai a jikinsa, ba suna, ba lamba, wai rubuta gudu ma doka ce, su kuma ba sa kafa wa kowa doka. Mu a Hamburg mun sani, don mai gangarsu da kansa ya kawo mini su a kwalin ayaba, ya ɗora ɗaya a garmahon shago ya murɗa maɓallin. Duk wanda ya saya a hannuna ya riga ya ji shi yana tashi a shagon. Kai kuwa ta gidan waya na aika maka, ban rubuta maka komai ba sai tsiya. Ka buɗe, ka ga babban faifai, ka yi abin da duk mai ilimi zai yi.

In aka rage wa Dörte gudu, me za ta zama? Muryarta dama tana da kauri, sigari ya gama da ita. Ina jin za ta zama baban Roswitha.

Ban gwada ba, garmahona ya mutu tun zamanin da. Ba zan rantse maka ba. Amma nawa faifan yana nan, na sa Sönke ya haƙo shi daga ƙarƙashin gado, ya naɗe shi da tawul biyu, ya kai gidan waya yana ta mita. Ka ce garmahonka yana nan. Ka ɗora shi yadda ka saba, kada ka taɓa maɓallin, ka ji abin da zai fito.

Ni ba likita ba ce. Tukunyar da ka ƙona kai ka ƙona ta. Amma wannan guda ɗaya, ka bari a gwada kafin a yanke maka hukunci.

Ka rubuto mini ko me ka ji. Ko me ka ji, Ortwin.

Traudl

*

Wuppertal, Laraba

Traudl,

Ina gaisuwa. Saƙon ya iso lafiya tun shekaranjiya, ki gode mini wa Sönke. Kwalin ya ɗan tauye a kusurwa, faifan kuwa ko ƙwarzane babu.

Ban sa shi ba.

Na yaye mayafin da ke kan garmahon, na goge ƙura, na hure allurar. Maɓallin yana kan 33, inda na bar shi. Na ɗora faifan. Na ɗaga hannun allurar, na kai shi bakin faifan, na mayar.

Gara in faɗa miki gaskiya. Muddin ban sa ba, maganarki tana iya zama daidai. In na sa, yarinyar ta fito a hankali kawai, yarinya dai amma mai jin barci, to shi ke nan, ba sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Na zagaya teburin nan ya fi a ƙirga. Na yi shayi na manta da shi. Na zauna ina kallon baƙin faifan kamar mai kallon ruwan da aka ce ya faɗa.

Malte ya aiko da kati yana tambaya cikin ladabi ko sharhin ya kusa. Imke jibi za ta zo.

Kin ce ko me na ji in rubuto. Ga shi ban ji komai ba, na rubuto. Ki yi mini addu'a, in har yanzu kina yi.

Ortwin

*

Wuppertal, Asabar

Traudl, ƙawata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Mutumin yana nan.

Ranar Juma'a da safe, da na ji motar Imke ta tsaya a ƙasa, na ga in ban sa yanzu ba sai dai wani ya sa mini. Na riƙe wuyan hannuna da ɗaya hannun, na sauke allurar. Ya ja numfashin nan, ya ce an hana dariya bayan ƙarfe goma. Imke ta shigo ta same ni riƙe da tebur ina kuka, ta yar da jakarta ta yo kaina. Na ce, “Tsaya. Wa kike ji, namiji ko mace?” Ta ce, “Kawu, wani ƙato ne mana, kamar mai tallan akwatin gawa.” Na ce ta murɗa maɓallin da hannunta. Tana murɗawa, ƙaton ya zama Dörte a tsakiyar kalma. Ta yi tsalle da baya, ta ce, “Wannan wane irin iskanci ne?” Na ce kiɗa ne, sunansa pank.

Mun je wurin likita. Wasu tambayoyin na ci, wasu sun ci ni. Ya ce in dawo da bazara a sake dubawa. Ban daina jin tsoro ba, kada ki ɗauka na daina. Amma ban sa hannu ba. Imke ta yi fushi, ta yi hawaye, sannan ta ce za ta sa a canja mini murhu da mai kashe kansa, akwatunana kuma za su dawo a jera su jikin bango. Ɗakin mai taga ta wajen lambu wani ya samu.

Sharhin ya tafi wurin Malte. Na ce a sayi sidin, yarinyar ta fi duk mazan zamaninta. Na ƙara da cewa a cikin tsohon faifan mutum biyu ne ke zaune, mai kafa doka da mai yi masa gwalo, da baki ɗaya suke magana, kuma sidi ba shi da maɓallin da za a fito da na farkon.

Faifanki ba zan dawo miki da shi ba sai nawa ya iso.

Gobe zan kai wa Roswitha furanni. Ta tafi ba ta san da 'yar guntuwa mai sayar da safa muke rawa ba, kuma ba ni zan gaya mata ba.

Naki har kullum,
Ortwin